Bidiyo Mai Baki Biyu

Na san ƙarar falon Maman Dogo kafin na san fuskarta. Lokacin da na tare a hawa na uku, ƙofarta na kallon tawa, kullum da hantsi sai in ji wani kiɗan busa yana fitowa daga ɗakinta, sai muryar wani mutum yana bayani a hankali cikin harshen da ba na ji, sai kuma gunjin injuna. Da farko na ɗauka shiri ne da gidan talabijin ke maimaitawa. Sai da na lura mai bayanin nan kullum a wuri ɗaya yake yin tari, sannan na gane abu ɗaya ake kallo.

Ita ta fara ƙwanƙwasa mini ƙofa. Zanen gadona ne iska ta jefa mata daga igiyar shanya, ta kawo mini shi a goge, a ninke, gefe ya hau gefe kamar an gwada da ma'auni.

"Ai da ba ki wahalar da kanki ba, Yaya," na ce.

"Ba wahala ba ce, ciwo ne," ta ce. "Hannuna ba ya iya ganin abu a yamutse ya wuce."

Gajeriyar mace ce mai kaurin damtse, bayan hannayenta duk tabon ƙuna. Ta yi ƙuruciyarta da rabin girmanta a ɗakin wankin wani otal, can ƙarƙashin ƙasa inda babu taga, sai bututun tururi da kwandunan tawul da wani dogon inji mai birgima da ake cusa wa zanen gado ya fito da zafi ta ɗaya gefen. Riguna kuwa da hannu take gogewa. Takan ce ba ta taɓa ganin fuskar baƙo ko ɗaya ba, amma ta san wanda ke cin abinci a kan gado da wanda ke goge takalmi da tawul ɗin fuska. Mijinta makanikin manyan motoci ne, mutum marar yawan magana. Allah ya ba su 'ya'ya biyu, Dogo, sai Auta da ta zo bayan an daɗe.

Dogo ya haura talatin lokacin da na san su. Sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin. Uwarsa ke yi masa aski, ita ke yanke masa farce. Ba ya kallon mutum ido cikin ido, kalmominsa kuma ba su da yawa: ruwa, Inna, a'a, da 'yan kaɗan da ita kaɗai ke ganewa. Hayaniya na gigita shi. Idan abu ya dame shi sai ya fara rausaya gaba da baya, yana dukan kunnensa da tafin hannu har ya yi ja. Tun yana ƙarami suka zagaya da shi wurin likitoci. An faɗa musu sunan abin, an rubuta a kati, aka ce haƙuri da kulawa. Makarantar da suka kai shi ta riƙe shi 'yan makonni ta maido musu da shi cikin ladabi.

A lokacin ba ya zama wuri ɗaya. Daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, har tabarmar roba ta tsakar falon ta yi hanya. Sai wata ranar hutu uban ya sayo bidiyon kaset, yana son ya gwada ko yana ɗaukar shiri kamar yadda mai shago ya ce. Ya sa sabon kaset ya danna, abin da ya tarar ana nunawa shi ya ɗauka: wani shiri ne a kan yadda aka gina wata doguwar gada, da injunan ɗaga kaya masu dogon wuya suna sauke ƙarafa a kan ruwa. Da ya maido ya kunna don ya ga ko ya kama, sai Dogo ya tsaya a tsakiyar falo. Can sai ya zauna. Maman Dogo ta ce ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta ga ɗanta zaune, ta kasa komawa har abincin ya kama.

Tun daga ranar, kaset ɗin nan ne safiyar gidan. Akwai tallan sabulu a cikinsa, akwai wata mata mai faɗin yanayin sama na wata rana da ta wuce tun tuni, a ƙarshe kuma akwai guntun wasan ƙwallo da ya yanke daidai lokacin da wani ɗan wasa ya ja da baya zai buga. "Har yau ban sani ba ko ya ci," takan ce. Uban ya koya wa Dogo komai da hannunsa: kunna soket na bango, tura kaset, danna babban madanni na dama, jiran ya ƙare, tariyo shi baya, cire shi, kashe soket. A duk faɗin yini wannan ne abin da Dogo ke yi daga farko zuwa ƙarshe ba tare da kowa ya kama masa ba. A wannan tsakanin ne uwar ke samun sauka ta yi cefane.

Uban ya rasu bayan gajeriyar jinya. Mutane suka cika falon, Dogo ya ratsa su ya sa kaset ɗinsa, wasu suka yi ta kallon juna. Ba a jima ba otal ɗin ya miƙa wankinsa ga wani kamfani, aka sallami na ƙarƙashin ƙasa. Ta dawo gida ta kafa teburin guga a bayan kujerar Dogo, mutanen benen da na layin suna kawo mata kaya. Haka na same su, haka kuma muka zauna shekaru.

Wata safiya ina shirin fita sai na ji shiru. Ban ma gane abin da ya ɓace ba sai da na ji wani sauti kamar ana tafi da hannu ɗaya. Ta buɗe ƙofarta ba ɗankwali.

"Ƙanwata, zo ki taya ni."

Bidiyon na karɓar kaset, ya yi gurnani, ya tofo shi. Dogo ya sake turawa, ya sake tofowa. Ya yi ta yi, ya yi ta yi, daga nan ya koma kan kunnensa. Mu biyu muka rataya a hannunsa ɗaya, ya ɗaga mu kamar ba komai. Ba duka yake kai mana ba, bai ma san muna wurin ba. Sai da ya gaji don kansa ya kwanta a ƙasa, fuskarsa na kallon bango.

Da rana ta ɗauki bidiyon zuwa wurin mai gyara, a wani lungu bayan kantin magani, shagon da matattun talabijin suka cika har rufi. Ya kwance murfin, ya taɓa wani ɗan haƙorin roba da tsinken sukudireba, abin ya ruguje kamar busasshen biredi. Ya nuna mata wani ƙarfe mai sheƙi, ya ce shi ke karanta zaren, kuma ya cinye.

"Mama, wannan ya yi aikinsa har ya yi na wasu. Kayansa kuma an daina yi. Ko na samo na wani tsohon na sa, shi ma sa'ansa ne."

Da yamma Auta ta zo da mijinta. Ita a kantar karɓar kuɗi take aiki a wani babban shago, shi kuma direban motar kamfani ne, mutum mai son raha. Ya ɗaga bidiyon ya juya shi ya ce ai wannan ya girmi aurensu, kamata ya yi a gaishe shi da ladabi. Ba wanda ya yi dariya sai shi. Auta ta zauna a hannun kujera ta ce ta yi tambaya a wurin aiki.

"Inna, akwai wani iri mai baki biyu. Gefe ɗaya kaset, gefe ɗaya faifan DVD. Shi za mu nema."

"Me zan yi da baki biyu? Magulmaciyar nan ta hawa na ɗaya ta ishe mu."

"Inna, da gaske nake. Zaren nan ma tsufa yake yi. Dubi yadda hoton ke rawa. A kwafe shi a faifai, Yaya Dogo ya ci gaba da kallon kaset ɗinsa, a hankali a riƙa sa masa faifan har ya saba. Inji ɗaya, wuri ɗaya, ba zai ga an canja masa komai ba."

"Ni irin tsohon nake so. Sak irinsa."

"To in an samu sak irinsa, ran da zaren ya tsinke fa?"

Maman Dogo ta dubi ɗanta da ke kwance har yanzu, kofin shayin da ta ajiye masa ya huce. Can ta ce, "To, a nemo."

Washegari Auta ta nemi izini a wurin aiki ta zauna da yayanta, ni na raka uwar. Ba a fita da Dogo cikin kasuwa, ko tashar bas ba ya iya tsayawa. Ta naɗe kaset ɗin a rigar matashi ta sa a jaka, ta rungume jakar a ƙirji duk tsawon hanya.

Mun fara da manyan shaguna, masu ƙofar gilashi da sanyi. Bango guda talabijin ne falle-falle, duk suna nuna kifi iri ɗaya yana iyo. Mai sayarwa ya saurare ta da kyau, ya danne murmushi, ya ce ko faifan ma yanzu ba a cika nema ba, komai a waya yake. Ya ce in ta ba shi sunan shirin zai nemo mata yanzu. Ba ta san sunan shirin ba. Ta ce na gada ne, akwai tallan sabulu a tsakiya. Ya dube ni, na dube shi. Shago na gaba ma haka, na gaba da shi kuwa ko bari ta gama magana ba su yi ba. Wani mai gadi ne ya ji mu muna shawara a bakin ƙofa ya kwatanta mana layin tsofaffin kaya, bayan inda ake sayar da taya.

Layin matsattse ne, wayoyi na reto a sama, ƙasa duk ruwan da ke ɗigowa daga na'urorin sanyaya ɗaki. Mun tambayi rumfa bayan rumfa kafin aka nuna mana wani mai ƙiba da ya ɗaure tabarausa da zare. Da ya ji abin da muke nema sai ya shige ciki, muka ji yana ture kwalaye, ya fito da guda uku ya jera a kan benci, ya busa ƙurar da ke kansu.

Na farko baƙi ne, mai nauyi, madannansa manya a gaba, amma babu rimot. Na biyu ruwan azurfa ne, siriri, da rimot ɗinsa a leda, mai shagon ya ce shi da kansa yake kwafe kaset zuwa faifai, sai dai madannansa ƙanana ne kamar ƙwayar magani. Na uku ya fi su tsabta, har da sauran leda a fuskarsa. Ta miƙa hannu wajensa, mai shagon ya yi gyaran murya.

"Mama, ba zan ɓoye miki ba, wannan ya taɓa cin zare sau ɗaya. An gyara, amma na faɗa miki."

Ta janye hannun kamar ta taɓa dutsen guga. Aka ture shi gefe, saura biyu.

Tambayoyin da ta yi masa ba irin waɗanda ya saba ji ba ne. Ba ta tambayi kyawun hoto ba. Ta tambaya ko agogon gaban kore yake haskawa. Ta tambaya ko madannin kunnawa a dama yake. Ta ce a sa kaset ta ji yadda yake haɗiyewa. Ya ɗauko wani tsohon kaset na wasu mata masu motsa jiki, ya tura wa baƙin. Ta rufe ido ta karkata kai. Ya cire ya tura wa mai ruwan azurfa. Ta ce a sake. Ya sake. Masu rumfar gefe suka fara leƙowa.

"Wannan yana da wani ɗan fito a ƙarshe," ta ce, tana nuna baƙin. "Wancan kuma ya yi sauri da yawa. Namu yana ɗan jinkirtawa, kamar mai tunani."

"Kowanne da halinsa, Mama. In kin zo da kaset ɗinku a gwada mana."

Ta sa hannu a jaka, na ga ta kama rigar matashin. Ta dubi bakin baƙin, ta dubi bakin ɗayan. Sai ta fito da hannun babu komai.

"A'a. A bar shi."

"To wanne ya fi lafiya?" na tambaye shi.

"'Yar'uwa, duk cikinsu babu yaro. Yau lafiya suke. Robar cikinsu kuwa ban san ranarta ba, ita ma ba ta sani ba."

"Garanti fa?"

"Akwai. Har ku kai bakin titi."

Ya yi dariya, ni ma na ɗan yi. Ita ba ta ji ba ma. Ta juyo gare ni ta ce, "Ƙanwata, ke wanne kika gani?" Na san hoto mai kyau da marar kyau, amma ban san abin da Dogo ke ji ba in kaset ya shiga. Na ce mu kira Auta. Auta ta ce mai ruwan azurfa, ba shakka, tunda yana kwafewa da kansa, ba sai an kai kaset ɗin ko'ina ba. Na ɗauki hoton duka biyun da wayata na tura mata ta nuna wa Dogo. Ta kira ta ce ya kau da kai, ya ture wayar. Muna jin rausayarsa ta cikin waya, kujera na ƙara.

Maman Dogo ta zauna a kan wata tsohuwar sifika. Ta daɗe tana kallon injunan nan biyu. Mai shagon ya kawo mata ruwa a kofi, ta riƙe ba ta sha ba.

"In na ɗauki wannan, yatsunsa ba za su iya da madannan ba," ta ce, kamar da kanta take. "In na ɗauki wancan, sai na rabu da kaset ɗin a kai kwafa. Da ubansa na nan da ya buɗe cikinsu ya duba."

Ƙarshe ta ɗauki baƙin, saboda tsohon baƙi ne, kuma madannin kunnawa a dama yake. Agogonsa ruwan lemo yake haskawa, ba kore ba. A bas ta ɗora shi a cinya, jakar a kansa, har muka sauka.

Mun tarar Dogo bai ci komai ba. Mijin Auta ya zo ya jona wayoyi, ya ajiye sabon daidai inda tsohon yake, a kan alamar da ya bari a katako. Dogo ya matso. Ya shafa samansa, ya sunkuya ya shinshina, ya sa yatsa ya bi layin bakin faifan da bai sani ba. Uwar ta warware rigar matashi ta miƙa masa kaset. Ya kunna soket, ya tura, ya danna na dama. Allon talabijin ya yi shuɗi, wani tambari na yawo a kai. Babu gada.

Hannunsa ya fara tashi zuwa kunne. Mijin Auta ya durƙusa yana danne-danne, yana cewa a dakata, a dakata. Ashe akwai wani ɗan madanni a tsakiya da ke zaɓar baki, kuma injin in an kunna shi a gefen faifai yake farkawa. Ya danna, hoton ya yi tsalle, kiɗan busa ya fito. Auta ta sauke numfashi. Dogo bai zauna ba. A tsaye ya kalli shirin tun daga farko har ƙarshe, hannunsa a kusa da kunne, bai duki kunnen ba, bai kuma sauke ba.

Bayan 'yan kwanaki ya koma zama. Muka ce an tsira. Amma Dogo ba ya barin soket a kunne, haka ubansa ya koya masa, kuma duk sanda aka kashe aka kunna, injin a gefen faifai yake tashi. Uwar ta kama yatsansa ta kai kan ɗan madannin na tsakiya, ya fizge. Ta yi ta gwadawa. Ta manna jan filasta a kai don ya gani, ya ɓare ya kai kwandon shara, don ba ya cikin abin da ya sani. Ta roƙi mai gyara ya sa injin ya riƙa farkawa a gefen kaset, ya ce haka aka ƙera ƙwaƙwalwarsa, ba shi da hanyar shiga. Saboda haka kullum da hantsi sai ta tsaya a gefensa, da ya danna nasa ta yi maza ta danna nata. In ta makara da ƙiftawar ido, shuɗin nan ya bayyana, ranar ta lalace. Ta daina sauka cefane a lokacin, don a tsakiyar shiri in wuta ta ɗauke ta dawo, sai an sake dannawa. Ni nake sayo mata abin da take buƙata in na taso aiki.

Auta ba ta bar maganar faifai ba. Wata rana da yamma na zauna da Dogo, uwar ta kai kaset wurin mai gyara, ta zauna a kan benci a gaban injinsa har ya gama kwafewa, ta ƙi ko zuwa shan ruwa. Ta dawo da faifai mai sheƙi a cikin ambulan. Ranar hutu Auta ta zo, ta ce a gwada bayan ya gama kallon nasa, lokacin da ransa ke kwance. Ta danna, farantin faifan ya zaro kansa waje a hankali kamar harshe. Dogo ya zabura. Kafin wani ya motsa ya sa tafin hannu ya tura shi ciki da ƙarfi, muka ji ƙas. Farantin ya tsaya a karkace, rabi ciki rabi waje. Mai gyara ya mayar da shi ya manne bakin, ya ce wannan gefen ya gama.

A kan matakala Auta ta tsaya tana share ido da bayan hannu.

"Da kin ɗauki wanda na ce, Inna."

"Wataƙila," in ji uwar.

"Ko da yake shi ma faranti gare shi."

"Shi ma."

Suka tsaya nan har mijin Auta ya yi hon daga ƙasa.

Mai shagon bai yi ƙarya ba game da roba. Bayan wasu watanni, Dogo na tariyo kaset sai injin ya yi wata ƙara, ya tsaya. Da aka zaro kaset ɗin zaren ya biyo baya a tattaune. Na ga Maman Dogo ta ɗauki zaren nan a tafin hannu tana ƙoƙarin miƙar da shi da babban yatsa, ita da ba ta iya ganin abu a yamutse, ga shi kuma ba abin da za a ɗora wa dutsen guga ba. Mai gyara ya yanke inda ya lalace ya haɗa bakin biyu. Tallan sabulu ne ya tafi. Yanzu in shirin ya zo wurin, hoton sai ya yi tsalle daga ƙarfen gada zuwa matar yanayin sama. Dogo yakan juyo ya dubi uwarsa, ya rera waƙar tallan da hanci shi kaɗai har ƙarshe, sannan ya maida ido.

Mai gyara ya ce kada a ƙara tariyowa da injin, in ana son abin da ya rage ya kai labari. Ya cire wa madannin tariya waya, ya koya mata yi da hannu: a kifa kaset, a cusa kan biro a ɗan ramin tsakiya don ya saki birki, a sa yatsa a farin gurbin a yi ta juyawa. Aiki ne mai cin lokaci, yatsa kuma yakan yi tsami. Dogo bai yarda a yi shi shiru ba, don ƙarar tariya na cikin abin da yake jira. Sai ta koma tana yi masa ƙarar da bakinta, tana juyawa tana zuuu, ta ƙara sauri wajen ƙarshe yadda injin ke yi, ta rufe da ƙwas da harshe. Ranar da na fara ji na yi dariya, ita ma ta yi, har ta rasa inda ta tsaya.

A bana idonta ya fara yin yana. Ta ƙone wuyan farar rigar wani ma'aikacin banki, abin da ta ce bai taɓa faruwa da ita ba tun tana budurwa. A asibiti aka ce aiki ne ɗan ƙarami, amma sai ta kwana, kuma bayan nan ba sunkuyo, ba aikin kusa da ido na ɗan lokaci. An ba ta rana ta ɗaga, an sake ba ta ta sake ɗagawa. Auta na da jariri yanzu, kukansa kuwa Dogo ba ya iya zama da shi a ɗaki ɗaya.

Ranar hutun da ta wuce ta kira ni bayan shirin ya ƙare. Ta zaunar da ni a kujerarta, ta ɗora mini kaset a cinya, ta ba ni biro.

"Ki koya, ƙanwata. Ba ni da wanda zan ce wa."

Na cusa biron, na sa yatsa na fara juyawa. Ya fi yadda nake zato tauri, ina tsoron in ja da ƙarfi zaren ya rabu a inda aka haɗa. Ta ce in yi ƙarar. Na yi, kunya ta kama ni kamar yarinya a gaban aji. Dogo na tsaye a kanmu yana kallon hannuna. Bai duki kunnensa ba. Ya bari na yi 'yan juyi, sannan ya sunkuyo a hankali ya zare kaset ɗin daga cinyata, ya zare biron daga yatsuna, ya ɗora su duka a hannun uwarsa.

"Inna," ya ce.

Ta karɓa. Ta laluba ramin da ɗan yatsa, don ba ta ganinsa sosai yanzu, ta cusa biron.

"Ki dawo gobe in kin taso," ta ce da ni, ba ta ɗago ba. "Mu sake gwadawa."